Wat Ɗari Huɗu a Bayan Kabad

Zuwa ga mijina, Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, ina kuma fatan jikin Mama ya yi sauƙi. Yau kwana tara da gobarar, kwana takwas da Yaya Babba ya sa aka dawo da ni gidan Umma. Na kira lambarka har na daina ƙirgawa, ba ka ɗauka. Shi ya sa na koma takarda. Maƙwabciyarmu Tela ta ce za ta ba ka hannu da hannu, tunda ƙofarta na kallon tamu.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ba kuma zan ɗora wa shaiɗan ba. Ni na jona dutsen guga. Shuɗiyar rigarka mai aljihu biyu nake so in goge kafin ka dawo daga kasuwa. Na tsayar da dutsen a kan gindinsa ya yi zafi, na ce bari in leƙa shafi ɗaya a littafin da nake karantawa. Na fita tsakar gida, can inuwar tankin ruwa. Shafi ɗaya ya zama babi uku. Yarinyar cikin labarin tana tsaye a tashar jirgi, ni kuma ina jiran in ga ko zai waiwayo ya kalle ta, sai na ji Tela tana kwaɗa ihu tana dukan ƙofa. Da na ɗago kai, hayaƙi ya cika tagarmu, Mama kuma tana barcin rana a ɗakin da ke jikin namu.

Har yau in na rufe ido ina jin tarin da take yi lokacin da aka fito da ita. Matar da take cewa in zo in karanta mata babi ɗaya kafin ta kwanta, tana dariya tana cewa, "Wannan saurayin maƙaryaci ne, 'yata, tun shafin farko na gane shi." Ita na kusa kashewa.

A asibiti Yaya Babba ya nuna ni da yatsa a gaban kowa ya ce, "Mu muna neman suruka, ashe laburare muka auro." Ban ji haushinsa ba. Kai nake kallo. Kana tsaye bakin ƙofa, ba ka ce uffan ba, ko inda nake ba ka duba ba. Na ce a raina baƙin cikin da na jefa ka ne ya ɗaure maka harshe.

Ƙanwarka ta aiko min da kayana. Duk abin da ta ga takarda ne ta share ta zuba a kwali ɗaya, littattafaina rabi sun ƙone, sauran sun sha ruwa. A cikinsu na tsinci baƙin littafinka, wanda kake rubuta awon da kake yi. Ban gane komai a ciki ba, lambobi ne zalla, amma rubutunka ne, da bakwai ɗinka mai sanda a tsakiya. Shi nake karantawa yanzu.

In ka ce in jira shekara, zan jira. Ka dai ce wani abu.

Matarka mai laifi,
Amarya

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina tambayar ƙafa da kunne. Umma tana gaishe da yayanta, ta ce wai ka daina cewa ba ka ji wayarta ba, ta san kana gani tana haske.

Na san labarin gobarar ya iso ka. Ba kuka na zo yi maka ba, wannan Umma ta gaji da shi. Tambaya ce, kuma kai kaɗai zan iya yi wa, tunda shekara talatin ka yi kana koyar da aikin wuta a makarantar sana'a.

Ina so in san girman abin da na aikata. Kowa cewa yake dutsen gugata ya ƙona gida, amma ba wanda ya gaya min yawan zafin da dutsen guga ke yi, ko minti nawa yake ɗauka kafin ya kama. Na ga kamar in na san adadin, zan san yawan haƙurin da zan bayar. Ka yi dariya in kana so.

Littafin awon mijina yana hannuna. Ka san halinsa, ba abin da ya shigo gidanmu bai ɗora masa na'urar nan mai baki kamar ƙaguwa ba. Har fanka da firji sai da ya auna. A shafi na huɗu ya rubuta: "Dutsen guga, bolt 220, amfa 5." Mene ne wannan, Kawu? Biyar kamar ba yawa. Ta yaya biyar za ta kwantar da tsohuwa a asibiti?

Direban motar da ke zuwa garinku ran Talata zai kawo maka wannan, shi zai karɓo amsa.

'Yar ƙanwarka

*

Zuwa ga 'yar ƙanwata sarkin karatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa ya riga ni yin ritaya, ki gaya wa uwarki ta koyi rubutu kamar 'yarta. Allah ya kiyaye gaba, ya ba surukarki lafiya.

Ban yi dariya ba. A shekara talatin ɗalibai kaɗan ne suka yi min tambaya don suna son sani, sauran don jarrabawa ne. Ɗauko fensir.

Ki tuna tankin ruwa da tiyo. Bolt shi ne ƙarfin da ke turo ruwan. Amfa shi ne yawan ruwan da ke wucewa. To kowane tiyo yana da nasa taurin kai, ba ya barin ruwa ya wuce haka kawai. A wuta wannan taurin kan shi muke kira turjiya, ana auna ta da om. In kina son ki san turjiyar abu, ki raba bolt da amfa. In kuma kina son ki san ƙarfin aikin da yake yi, wato wat, ki ce bolt sau amfa. A dutsen guga aikin nan duk zafi ne.

Ɗari biyu da ashirin a raba gida biyar, arba'in da huɗu. Turjiyar dutsenki ke nan, om arba'in da huɗu. Ɗari biyu da ashirin sau biyar, dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Wat ɗinsa ke nan. Ba ƙaramin zafi ba ne, in aka kifa shi a kan zane aka tafi, zai ci zanen ya ci tebur.

Amma uwarki ta gaya wa matata a waya cewa a tsaye kika bar shi. Dutsen guga yana da ɗan ƙarfe a ciki mai kashe shi in ya kai zafinsa, shi ne ƙas ɗin nan da kike ji yana yi. Na ga dutsen da aka manta a tsaye tun safe har yamma bai ƙona komai ba sai kuɗin wuta. Ban ce ba ya yiwuwa ba. Cewa na yi ban gamsu ba, kuma ni tsohon malami ne, rashin gamsuwa ce sana'ata.

Ki binciko min waɗannan. A ina aka tarar da dutsen bayan an kashe wutar, a tsaye ko a kife? Wane ɓangaren ɗakin ya fi ƙonewa? Me kuma aka jona a kan layin nan a ranar ban da dutsenki? Sannan fis ɗin da ke jikin mita, me ya hana shi yankewa? Aikinsa ke nan, shi ya mutu don gida ya rayu.

Ki ci abinci. Ba a yin lissafi da yunwa.

Kawunki

*

Amarya,

Salam. Na samu takardarki. Ina lafiya. An sallamo Mama, tana gidan Yaya Babba. Tarin bai tafi ba, likita ya ce sai a hankali.

Tana tambayarki. Ta ce ita ta yafe tun a gadon asibiti, ta ce a bar mata yarinya. Na yi ta fama da Yaya Babba har ya sauko. Ga abin da aka tsayar. Ran Asabar ta sama za ki zo gidansa ke da Umma, a gaban 'yan'uwa ki durƙusa ki ba Mama haƙuri, ki ce sakacinki ne. Sai ki yi alkawari littafin labari ba zai ƙara shiga gidanmu ba. Daga nan magana ta mutu, ba mai sake tayar da ita. Na kama mana ɗaki biyu kusa da shago kafin a gyara gidan.

Baƙin littafina ki ba Tela ta kawo min, ina da aiki da shi. Ba abin da zai amfane ki a ciki.

Ki gaida Umma.

Mijinki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Albishirinka, ya rubuto! Layi kaɗan ne, amma na karanta su har takardar ta yi laushi. Za a mayar da ni ran Asabar ta sama in na ba da haƙuri a gaban dangi. Umma har da rawa. Ta ce, "Ke dai ki durƙusa, gwiwa ba ta ƙarewa." Sun ce in bar karatun labari. Na yi kuka a kan wannan, amma na ce ai wadda ta kusa kashe mutum ba ta da bakin ciniki.

Ga amsoshinka, don kar ka ce ɗalibarka malalaciya ce. Tela na tambaya, ita ta fara shiga ɗakin. Ta ce dutsen yana nan a tsaye a kan tebur kusa da ƙofa, ya yi baƙi da hayaƙi, robar hannunsa ta ɗan narke. Rigar da zan goge tana gefensa, ba ta ci wuta ba. Ta ce, "Ni ma abin ya ɗaure min kai, amma wa ya tambaye ni? Ni ɗinki na sani." Inda ya cinye ƙurmus shi ne kabad ɗin kayanmu, can ɗaya bangon.

A bayan kabad ɗin akwai wayar wuta. Ita ce ta taso daga mita ta kawo wuta soket ɗin da nake guga, daga nan ta fita baranda inda yake ɗan aikinsa. Siririya ce, fara. Ta yi tsawo da yawa, sai ya naɗe ragowar ya cusa a bayan kabad. Ya ce ba zai yanke sabuwar waya a banza ba, wata rana za ta yi wani aikin.

A ranar akwai obin a baranda, babba, na wata mai yin kek, ya gyara mata. Na tuna ina jin gurnaninsa lokacin da ya fita kasuwa. Ya kan bar abu a kunne ya gwada shi. Na duba littafin, ga shi a shafi na goma sha tara, da kwanan watan jajibirin gobarar: "Obin ɗin mai kek. A mita 220. A bakin obin 205. Amfa 15." A ƙasa ya rubuta, "Waya tana zafi. A canza."

Na yi yadda ka koya min. Ɗari biyu da biyar sau goma sha biyar, dubu uku da saba'in da biyar, wat ɗin obin ke nan. Amma wani abu ya hana ni sakat. Ɗari biyu da ashirin suka baro mita, ɗari biyu da biyar suka iso. Ina goma sha biyar suka tsaya? Sai na ce ko a hanya ne, a cikin wayar kanta. Na raba goma sha biyar ɗin da amfa goma sha biyar, na samu om ɗaya. Na ce goma sha biyar sau goma sha biyar, na samu ɗari biyu da ashirin da biyar. Kawu, wannan zafin na waye? Obin bai ci shi ba.

Batun fis kuwa, ina ganin ba komai ba ne, amma ka tambaya. Mai amfa goma ne, yana ta yankewa tun da aka kawo obin ɗin. Sau uku yana canzawa. A na huɗu ya ce fis ɗin nan ya cika raki, ya murɗa zaren tagulla mai kauri ya sa a gurbinsa. Ni na riƙe masa sukurun a tafin hannuna. Har na ce masa ya yi kama da likita mai tiyata, ya yi murmushi.

Ka ce min na yi kuskure a lissafin. Ka san ni da lissafi tun firamare. Ya ce in mayar masa da littafin, zan ba Tela da zarar na ji daga gare ka.

'Yar ƙanwarka

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Na so in ce kin yi kuskure. Na duba sau uku da tabarau, babu.

Zafin na wayar ne. Waya ma tana da tata turjiyar, kin same ta daidai, om ɗaya. Yanzu duba abin da om ɗaya ke yi. Da dutsenki kaɗai, amfa biyar ke bi ta cikinta, bolt biyar ke faɗuwa a hanya, biyar sau biyar, wat ashirin da biyar. Ko ɗumi ba za ki ji ba. Da obin kaɗai, ɗari biyu da ashirin da biyar, shi ne zafin da ya ji da hannunsa har ya rubuta. In aka haɗa su, amfa kusan ashirin, bolt ashirin sun faɗi, ashirin sau ashirin, ɗari huɗu. Za ki ce ai ashirin da biyar da ɗari biyu da ashirin da biyar ba su kai haka ba. Ba tarawa ake yi ba, 'yata. In amfa ya ƙaru, bolt ɗin da ke faɗuwa ma ƙaruwa yake, su biyun kuma ninka juna suke.

Wat ɗari huɗu, mafi yawansa a cikin waya naɗaɗɗiya, a matse tsakanin bango da katako, ba iska. Ki ɗauka kin kunna tsofaffin ƙwan fitila huɗu masu wat ɗari kin lulluɓe su da bargo. Fis mai amfa goma da ya yanke tun kafin robar ta yi laushi. Ba raki yake ba, magana yake yi, aka toshe masa baki.

Ban wanke ki tas ba. Ba a barin dutsen guga a tafi karatu. Amma ko kina tsaye a kansa kina guga, wayar nan za ta kama, domin ba wanda ya ce miki kar ki jona komai. Ɗan aji ɗaya a makarantarmu zai gane wannan da ya ga inda wutar ta ci. Mijinki kuwa ba ɗan aji ɗaya ba ne.

Ban gaya wa uwarki ba, ban gaya wa matata ba. Aurenki ne, ba zan ce ki yi kaza ba. In kina buƙatar tsoho ya zo ya zauna a gefenki ran Asabar, ƙafar za ta kawo ni.

Kawunki

*

Zuwa ga mijina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ina gaida Mama da jiki.

Ga littafinka, Tela za ta ba ka. Ban yage komai ba. Na naɗe kusurwar shafi na goma sha tara, yadda nake yi wa littattafaina in na zo inda ba zan iya wucewa ba.

Na koyi lissafinku, Injiniya. Bolt a raba da amfa, bolt sau amfa. Na zauna da fensir ina gogewa ina sakewa, don in san yawan laifina in zo in biya shi daidai. Na samu dutsena wat ashirin da biyar ya sa wa wayarka. Na samu obin ɗinka ɗari biyu da ashirin da biyar. Na samu mu biyu tare ɗari huɗu. Ban cire kaina ba, ka gani. Ina ciki.

Ba wayar ce ta karya min zuciya ba. Kowa yana kuskure a sana'arsa, Tela ma ta taɓa yanka yadin mutane ba daidai ba. Da ka zo ka ce min, "Amarya, na kusa kashe uwata da hannuna," da na rungume ka mun yi kukan tare, da kuma ni zan fara tsayawa tsakaninka da Yaya Babba. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne wannan: ni kwana goma sha ɗaya na yi ina koyon abin da kai ka gani tun kallon farko da ka yi wa kabad ɗin. Ranar a asibiti, da yayanka yake nuna ni da yatsa kana tsaye bakin ƙofa, ka sani. Da nake kiran lambarka tana ta ƙara a aljihunka, ka sani. Da ka karanta inda na sa hannu da "matarka mai laifi," ka sani, ka ninke takardar, ka rubuto min ranar da zan zo in durƙusa.

Ni kuwa ina nan ina ƙawata shirunka. Na ce baƙin ciki ne, na ce irin mazan nan ne masu zurfin ciki da nake karantawa, waɗanda ba sa magana sai a babin ƙarshe. Wannan kam laifin littattafaina ne, na yarda. Sun koya min in cika wa mutum shirunsa da kyawawan kalmomi.

Zan zo ran Asabar in ba Mama haƙurin barin dutse a kunne, domin na bar shi. Amma sai in kai ma za ka durƙusa kusa da ni ka karanta mata shafin nan da bakinka. Ba don Yaya Babba ba. Ita nake so ta sani. Ba zan iya zuba mata ruwan magani kullum tana kallona tana yafe min abin da ɗanta ya yi ba.

Ba zan faɗa wa kowa ba. Naka ne, kai za ka faɗa.

Har yanzu matarka,
Amarya

*

Amarya,

Salam. Littafin ya iso.

Ba zan musa ba. Lissafinki daidai ne. Na yi niyyar canza wayar a ranar, ita na je saye kasuwa. Na ce awa ɗaya ba za ta yi komai ba. Na manta ban ce miki kar ki yi guga ba. Sabuwar wayar tana cikin jakata lokacin da na hango hayaƙin, har yau tana nan ban buɗe ta ba.

Da Yaya Babba ya fara magana na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na ga kowa ya riga ya yarda. Kwana ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, abin ya yi nauyin da ba zan iya ɗagawa ba.

Ki duba min. Yaya Babba ne ya samo min aikin sa wutar benen nan mai hawa uku, wata mai zuwa za a fara. Wa zai ba da gidansa ga mai gyaran wutar da ya ƙona nasa da zaren tagulla? A layinmu in aka ji, har in mutu sunana ke nan. Ke mace ce a cikin gida, wata biyu an manta. Minti biyar ne za ki durƙusa. Ni duk rayuwata ce, kuma rayuwar nan da ke zan yi ta.

Mama kuma ƙirjinta bai warke ba. Kina so ta ji wannan yanzu?

Na san na cuce ki. Zan rama miki, ki ga yadda zan riƙe ki. Littattafan ma zan riƙa sayo miki a ɓoye, ba wanda zai sani. Ki taimake ni, Amarya. Ki zo ran Asabar yadda aka tsara.

Mijinki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ka huta da ƙafarka, ban je ba.

Umma ta yi faɗa har muryarta ta dushe, ta ce na yi wa aurena ƙafar ungulu saboda girman kai. Na bar ta a haka.

Mijin nawa shi ya zo, ran Lahadi da hantsi. Ya rame. Muka zauna a falo, kujera ɗaya tsakaninmu. Bai gaya wa Mama ba. Ya ce zai faɗa, in ba shi lokaci, sai jikinta ya yi ƙwari, sai an gama benen. Na ce to, zan jira, ya gaya min kwana nawa ne in rubuta.

Kawu, mutumin da ko fanka sai ya auna, bai ba ni adadi ba.

Na raka shi har bakin ƙofa. Ka sa ni a addu'a.

'Yar ƙanwarka